Mai Zuciya Ɗaya Ba Sakarai Ba Ne

Ranar Litinin da hantsi, a Kasuwar Monday ta Kakuri, wata dattijuwa ta tsaya gaban kashin doya tana tayawa. Mai rumfar ya zaga baya sallamar direban da ya sauke masa kaya, ya bar yaronsa, wani matashi da bai daɗe da zuwa daga ƙauye ba. Matar ta ɗaga wata ƙatuwar doya ta ce, "Ɗana, wannan lafiyarta ƙalau?" Yaron ya karɓa, ya jujjuya ta, ya nuna mata wani tabo kusa da gindi, ya ce, "Mama, wannan ta fara taɓuwa daga ciki. In yau za ki dafa, ba laifi. In ajiyewa za ki yi, ɗauki waccan." Ta ɗauki waccan ɗin, ta biya, ta sa masa albarka, ta wuce.

Maigidan ya ji komai daga inda yake. Bai bari ta yi nisa ba ya hau yaron da faɗa: "Kai wane irin sakarai ne? Doya na ce ka sayar ko wa'azi? Nan Kaduna ce, ba ƙauyenku ba. In ba ka buɗe idonka ba, da kai da jarin duk za a haɗa a sayar." Maƙwabtan rumfa suka bushe da dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ƙyale shi, Oga, zai waye."

Babu ranar kasuwar da ba a yin irin wannan, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga garejin Television zuwa rumfunan bakin titin Kachia. Faɗan maigidan abu ne da ake iya fahimta, kowa jarinsa yake karewa. Abin da ke ci wa mutum rai shi ne dariyar maƙwabta da wannan "zai waye" ɗin. Nufinsu, nan da shekara guda yaron zai koyi kifa tabon doya ƙasa, ya rantse da Allah a kan abin da ya san ƙarya ne, sannan a ce ya zama mutum. A tsallaken kogin Kaduna, kamar a sauran biranen ƙasar nan, an wayi gari ana kallon wanda cikinsa da bakinsa suke ɗaya a matsayin mai larurar da ke neman magani. Wannan kuskure ne mai tsada, kuma birnin Kaduna ya fi wurare da yawa sanin tsadarsa.

1. Yadda yabo ya koma zagi

Kowa ya san mai irin wannan hali ko da bai iya siffanta shi ba. Mutum ne marar ƙumbiya-ƙumbiya. In yana murna za a gani, in ransa ya ɓaci za a gani. A kansa ne maganar nan ta labarin zuciya a tambayi fuska take cika. In aka tambaye shi, abin da ya sani yake faɗa, ba ya tsayawa lissafin abin da amsar za ta jawo masa. Ba ya ƙirƙirar tawali'u don a yabe shi, kuma ba ya zaton sharri ga wanda bai nuna masa sharri ba. Dattawa kan ce wane yana da farar zuciya, ko su ce da zuciya ɗaya yake zaune da kowa.

Yau sunayensa sun canza. Shi ne gaula, shi ne dolo, shi ne bagidajen da idonsa bai buɗe ba. A unguwannin da Hausa ke cuɗanya da Turancin buroka, irin su Narayi da Unguwan Romi, mumu ake ce masa. Hatta kalmomin yabo an lanƙwasa su. In aka ja murya aka ce "ai wane bawan Allah ne", sau da yawa abin da ake nufi shi ne ana iya cin kuɗinsa a kwana lafiya.

Ba Hausa kaɗai wannan ya sama ba. Turanci yana da siffa ta musamman ga irin wannan mutum, ingenuous, wadda ɗaliban sakandare kan rikita da ingenious, mai nufin gwanin dabara. Asalinta Latin ne, daga kalmar da Rumawa ke kiran wanda aka haifa ɗa, ba bawa ba. Tunanin da ke bayanta shi ne ɗa ba shi da dalilin ɓoye-ɓoye, tunda ba ya tsoron bulalar kowa. Bahaushe ma in ya ce wane ɗa ne, halinsa yake yabo. Da kalmar ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 16, tana nufin mutum mai daraja da ke faɗin gaskiya ƙiri-ƙiri. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare, ta fara ɗaukar ma'anar wanda bai san duniya ba. Sunan da aka ciro daga gare ta, ingenuity, ya ma sauya sheƙa gaba ɗaya, ya koma nufin fasaha da dabara. Kishiyarta kuwa, disingenuous, wato mai nuna kamar da zuciya ɗaya yake magana alhali da biyu yake, ta fi ta yawo nesa ba kusa ba. Duk mai karanta sanarwar kakakin gwamnati ko ta jam'iyyar adawa a jaridun Najeriya ya saba ganin ana jifan juna da ita. Ta asalin, da wuya a ji an yabi wani da ita.

Marubucin Faransa Voltaire ya gina littafi sukutum a kan wannan hali a 1767. Saurayin da ya tashi cikin ƙabilar Huron ta Arewacin Amurka ya sauka Faransa yana faɗin abin da ya gani yadda ya gan shi, bai san ana yi wa manya kara ba. Ƙarshenta kurkukun Bastille aka jefa shi. Ashe damuwar tsohuwa ce, kuma ba ta gari ɗaya ba ce.

2. Ba da zargi aka haife su ba

Adalci ne a faɗi cewa mutanen tsallaken kogi koya musu zargi aka yi, kuma da wahala suka koya.

Kakuri da Makera unguwanni ne da masaƙu suka raya. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya fi sani da KTL, ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, bisa haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. A shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Masana'antar makamai ta DICON ta zo a 1964, kamfanin haɗa motocin Fijo ya fara aiki a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980. Gbagyi masu ƙasar, da Bajju da Atyap da Ham da Adara, da Hausawa da Tibi da Idoma da Ibo da Yarbawa, suka taru suna shiga aiki da jiniya ɗaya, suna tashi da jiniya ɗaya. Ma'aikacin masaƙa yana da tabbas, wato albashin ƙarshen wata. Don haka mai kanti ke ba shi bashi, mai gidan haya ke ɗaga masa ƙafa, uwar adashi ke sa shi a layi ba tare da ta tambayi cocinsa ko masallacinsa ba. Yarda tana da inda ta dogara.

Sai madogarar ta karye. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan KTL, masaƙar da ke hannun jihohin Arewa 19, sun shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. Da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu suka gaji koken. Yaron da ya ga mahaifinsa ya ba kamfani ƙuruciyarsa bisa amana, ya mutu yana jiran alkawari, me za a gaya masa game da zama da zuciya ɗaya?

A daidai wannan lokacin ne kuma garin ya ƙone. Rikicin Shari'a ya ɓarke a watan Fabrairu da Mayun 2000, kuma na Fabrairu kaɗai ya ci rayukan da hukumar binciken da gwamnatin jiha ta kafa ta ƙiyasta aƙalla 1,295, wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka ce sun haura haka. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ƙara cin mutane kimanin 250. A Afrilun 2011 aka sake yi bayan zaɓe. Cikin waɗanda suka tsira akwai wanda maƙwabcinsa ne ya ɓoye shi, akwai kuma wanda maƙwabcinsa ne ya nuna gidansa, kuma labarin na biyun ya fi daɗewa a bakin mutane. Kiristoci da yawa suka kwashe kayansu zuwa Sabon Tasha da Romi da Narayi da Gonin Gora, Musulmi suka nufi Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Kogin da a da ake haye shi ba tare da tunani ba ya zama iyaka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A kan wannan aka ɗora na zamani. Alat na bogi. Saƙon waya mai cewa an toshe asusunka, ka turo lambar BVN. 'Yan wan-cans a motar haya. Dillalin da ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku, har masu gidaje suka koma rubutawa a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Tun da aka sace ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist da ke Damishi, kan hanyar Kachia, a watan Yulin 2021, tsoron infoma ya ƙara shiga unguwannin bayan gari, har mutum ba ya son maƙwabci ya san ya sayar da amfanin gona ko ɗansa ya aiko masa da kuɗi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya raina shi bai yi wa mutanen nan adalci ba. Inda aka ɓata shi ne darasin da aka ciro daga ciki. Maimakon a ce a kiyayi macuci, sai aka ce a zama shi kafin ya riga ka.

3. Wa ake damfara?

Hujjar da aka fi kafawa ita ce mai farar zuciya shi ne abincin 'yan damfara. A duba manyan damfarar da aka yi a ƙasar nan a gani ko haka ne.

MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta daskare asusun mutane a Disambar 2016. Hukumar inshorar ajiyar banki ta NDIC ta ce 'yan Najeriya kimanin miliyan 3 sun yi asarar kusan naira biliyan 18. CBEX ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta rushe a Afrilun 2025. A duka biyun an yi ta gargaɗi tun kafin rushewar. Cikin waɗanda suka zuba kuɗi akwai waɗanda matsin rayuwa ya tura, kuɗin makaranta da na haya sun sha musu kai, kuma waɗannan abin tausayi ne. Amma akwai tarin ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan boko da suka san sarai abin ba zai ɗore ba. Lissafinsu shi ne su shiga da wuri, su kwashi nasu, su fita kafin ginin ya rufta kan na baya. Sun san banza ba ta kai zomo kasuwa, sun dai ɗauka su ne masu wayon da za su ci su tsira. Wannan ba farar zuciya ba ce. Ɗan damfara ya fi samun sauƙin wanda ya yarda cewa ana iya cin bulus, domin da ƙugiyar kwaɗayinsa ake kama shi. Mutumin da bai saba cin abin da ba guminsa ba, tambayar farko da yake yi ita ce, ribar nan daga ina take fitowa? Tambayar ta yi kama da ta yara, amma ita ce ta tsirar da kuɗin mutane da yawa.

Masanin halayyar jama'a ɗan Japan, Toshio Yamagishi, ya shafe shekaru yana nazarin yarda tsakanin mutane. Abin da ya gano ya saɓa wa hirar bakin titi: masu saurin kyautata zato ba su fi kowa saurin ruɗuwa ba, hasali ma sun fi lura da alamun rashin gaskiya idan suka bayyana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ke hulɗa da mutane yana koyon bambance su. Wanda ya yanke hukuncin cewa kowa ɓarawo ne ya daina kallon kowa, don haka ba ya ƙara koyon komai.

Yaron doyar nan ya ga tabon da mai saye ba ta gani ba. Idonsa a buɗe yake tar. Abin da ya ƙi shi ne ya yi amfani da abin da ya gani ya cuce ta. Rashin yaudara daban, rashin gane yaudara daban, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne tushen duk wannan ruɗani.

Addinan da ake bi a ɓangarorin kogin biyu ba su taɓa haɗa su ba. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito an siffanta mumini da rashin makirci da karamci, aka bar yaudara ga fajiri. A Bukhari da Muslim kuma an nuna bai kamata a cuci mumini sau biyu ta hanya ɗaya ba. A Bisharar Matiyu sura 10, Yesu ya haɗa wa almajiransa hattarar maciji da rashin cutarwar kurciya cikin umarni guda. Ana karanta waɗannan ranar Juma'a da ranar Lahadi. Ranar Litinin a kasuwa sai a riƙe rabin farko na hattara, a watsar da ɗaya rabin.

4. Harajin da zargi ke karɓa

Ana magana kamar wayo kyauta ne, gaskiya ce ke da asara. A zauna a yi lissafin abin da rashin yarda ke ci a aljihun talakan Kakuri ko Unguwan Boro a kowace rana.

Mai gida yana neman kuɗin hayar shekara a dunƙule, wani lokacin har da na gaba, saboda bai yarda ɗan haya zai biya wata-wata ba. Mai shago ba ya iya buɗe na biyu, domin ya san ranar da ya ɗaga ƙafa yaron shago zai fara gina nasa jarin daga cikin aljihun tebur, kuma shi da kansa ne ya koya masa yadda ake juya mai saye. Mai POS tana riƙe abokin ciniki a tsaye sai alat ya shigo wayarta. Ɗan'uwan da ke aiki a Legas ko ƙasar waje ya gwammace kuɗinsa su zauna a banki da ya aiko a yi masa gini, don ya ji labarin waɗanda aka yi ta tura wa hoton ginin wani. Matashi mai sana'a a hannu ya rasa wanda zai tsaya masa a ba shi Keke Napep ya riƙa kawo balas. Mai sayen hatsi tana zuwa da mudunta daga gida. Kowane ɗaya cikin waɗannan ciniki ne da bai faɗa ba, ko aikin yi da ba a samar ba. Wayon a ci ne, an kori kare daga gindin ɗinya, amma a nan har mai korar bai samu ɗinyar ba.

Abin takaici shi ne kasuwancin Bahaushe a kan akasin haka ya ginu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan ya wallafa bincikensa a 1969, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa ke damƙa dabbobinsu ga maigidan da ya sauke su, dillalai su sayar wa mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu, kuɗi kuma su dawo. Haka goro ke tafiya Arewa. Abin da ya riƙe wannan ciniki na dubban fam shi ne sunan mutum. Wanda ya ci amana sau ɗaya ya gama kasuwa a zangon nan da sauran zanguna. Waɗannan fatake ba gaulaye ba ne, sun san kan kuɗi fiye da masu yi wa yara huɗubar buɗe ido a yau. Sun dai gane cewa maganar mutum in ta zama abin dogaro, ita kanta jari ce.

Kuma mutane ba su lalace yadda ake faɗa ba. A 2019 mujallar Science ta wallafa wani gwaji da aka yi a birane 355 na ƙasashe 40, ciki har da Ghana da Kenya, ko da yake babu Najeriya. An miƙa walat fiye da 17,000 ga ma'aikatan bankuna da otal-otal da gidajen waya da ofisoshin hukuma a matsayin tsintuwa, wasu da kuɗi a ciki, wasu babu. A ƙasashe 38 an fi neman mai walat ɗin idan akwai kuɗi a ciki. Da aka tambayi jama'a, har da masana tattalin arziki, me suke zaton zai faru, akasin haka suka hango. Mutum ya fi zargin ɗan'uwansa fiye da yadda ɗan'uwan ya cancanta.

A nan gida ma an gani. A watan Satumban 2023 wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya mayar da kuɗin da suka kai naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa. A aikin Hajjin shekarar, wata Hajiya daga Zamfara ta tsinci dala 80,000 a Saudiyya ta miƙa wa jami'ai. An yaba musu, an karrama su. Amma duk wanda ya saurari hirar majalisu a lokacin ya ji masu cewa Allah ya ba su arziki sun mayar. A farkon 2023 kuwa, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, masu kayan miya da masu shayi da mahauta da yawa sun riƙa ba da kaya a kan "in taransifa ta shigo ka gaya mini". Da kowa ya yi aiki da huɗubar buɗe ido a watannin nan, da gidaje da yawa sun kwana ba su ɗora tukunya ba.

5. Abin da yara ke ji a gida

Wani zai ce ai tun a tatsuniya Gizo ne gwarzo. Gaskiya ne yara na son Gizo, amma kakannin da ke ba da tatsuniyar ba su cika barin sa ya ƙare da daraja ba. Sau da yawa asirinsa kan tonu, ya sha kunya ko duka, ya ruga ya ɓuya. Dariya ake yi masa, ba koyi ake cewa a yi da shi ba. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya jero siffofi goma da ya tattaro daga bakinsu: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Akwai hankali, akwai hikima. Wayo bai samu shiga ba.

Yau yaro kan dawo daga aike da canjin da ya fi ƙarfin abin da ya kamata a ba shi, uwa ta yi murmushi ta ce yaron nan akwai wayo. Uba kan biya kuɗi a kai ɗansa cibiyar jarrabawar da ake ba da amsa. Ƙanin da ya faɗi wanda ya fasa kwano kan sha harara daga yayye, wani lokacin har daga manya, a ce bakinsa ba ya shiru. Babu wanda ya zaunar da yaron ya ce masa ka zama maƙaryaci. Ya dai lura da wanda ake yabo da wanda ake yi wa dariya, ya zaɓi ɓangare.

6. Waɗanda aka ce ba su san Kaduna ba

Zuciya ɗaya iri biyu ce. Akwai ta yaro, wanda bai ga komai ba tukuna. Akwai ta babba, wanda ya ga komai, ya san abin da mutum zai iya aikatawa, ya kuma zaɓi ya ajiye makirci. Ta biyun ta fi wuya, kuma ita ce ta yi wa garin nan aikin da wayo ya kasa.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ba su taso a matsayin masu laushin zuciya ba. Jagororin matasa ne a ɓangarori biyu masu gaba. A rikicin 1992 da ya biyo bayan na Zangon Kataf, Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su a wani taro a Kaduna, kowanne yana kallon ɗayan a matsayin wanda ya kamata a gama da shi. Da mahaifiyar Wuye ta kwanta asibiti, Ashafa ya je dubiya. Wuye da bakinsa ya sha faɗa cewa ya shafe kusan shekara uku suna aiki tare yana raya kashe abokin nasa a zuci, kafin ƙiyayyar ta sake shi. Irin wannan magana ba mai lissafi ke faɗinta a bainar jama'a ba. Mutanensu sun zarge su da sayar da kai, wasu suka ce an yi musu wayo, wasu suka ce su ne ke yi wa Turawa wayo.

Ranar 22 ga Agustan 2002, a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, shugabannin addini 22, rabi Musulmi rabi Kirista, suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna, wadda su biyun suka yi ruwa suka yi tsaki wajen haɗa ta. Wata uku bayan haka garin ya sake kamawa da wuta. Masu cewa "dama mun faɗa" sun samu abin faɗa, kuma da su biyun masu kare sunansu ne, da a nan suka tsaya. Ba su tsaya ba. Sun shiga sulhun Yelwa da Shendam a Jihar Filato, wanda aka ƙulla a 2005. Sun je Kenya bayan rikicin zaɓen 2007. Gidauniyar Chirac ta Faransa ta karrama su a 2009, ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta ba su lambar zaman lafiyarta ta farko a 2025.

A Sabon Tasha, Fasto Yohanna Buru ya shafe shekaru yana buɗe cocinsa ranar Kirsimeti ga Musulmi, maza da mata da malamai, su haye kogi su zo su zauna a yi bikin tare, shi ma ya halarci Mauludi in lokacinsa ya zo. Ana sukarsa daga ɓangarorin biyu. Masu ganin kansu sun san gari kan ce wannan duk hoto ne, ranar da abu ya tashi babu wanda zai tuna da shinkafar Kirsimeti. Amma matashin Rigasa da ya taɓa zama cikin coci a Sabon Tasha ya fito lafiya, da matashin Sabon Tasha da ya ga malami da rawani ya zo taya su murna, kowannensu ya samu abin da zai auna jita-jita da shi ranar da ta iso wayarsa. Masu wayon ba su ba shi komai ba sai tsoro.

Aikin bai ƙare ba, ko kusa. Har yau dillalin gidan haya a Romi ko a Rigasa yakan fara tambayar sunan mai nema kafin ya tambayi nawa zai iya biya, kuma sau da yawa sunan ne ke yanke hukunci. Masu gidajen da suka ƙi bin wannan ƙa'ida suna nan a Barnawa da Kakuri da Nasarawa, Musulmi da Kirista a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mitar wuta ɗaya. 'Yan'uwansu na yi musu faɗa a kai, suna ce musu ba su san Kaduna ba, alhali da yawansu a gaban idonsu aka yi 2000 da 2002.